Yadda Ake Shirya Maƙala a Aika wa Mujallar Binciken Likitanci

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga ƙannenmu likitoci masu neman ƙwarewa a nan Jos, da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ita ce yadda ake mayar da binciken da aka kammala ya zama maƙalar da mujalla za ta karɓa. Wasu sun riga sun aika, an dawo musu da aikin cikin 'yan kwanaki ba tare da ko mai bita ɗaya, wato masanin da mujalla take ba maƙala ya tantance, ya sa masa ido ba. Abin da na lura da shi shi ne, galibin irin wannan dawowar ba daga raunin binciken take tasowa ba, daga tsallake tsari ne: an rubuta kafin a zaɓi mujalla, an jera sunayen marubuta bayan an gama aiki, an tafi neman izini bayan an tattara bayanai. Saboda haka na jera matakan yadda ya kamata su biyo juna, kuma shawarata ita ce kada a sauya jerin.

1. Tattara takardun izini tukuna

Kafin ka rubuta ko jimla ɗaya, ka nemo takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ka ajiye ta kusa, domin mujalla za ta nemi sunan kwamitin da lambar takardar, wasu kuma har kwafinta suke so a ɗora. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da nasa kwamitin, haka ma sauran manyan asibitoci, kuma dukkansu suna aiki ne ƙarƙashin kulawar kwamitin ƙasa, wato NHREC, da ke Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja. Ka duba kwanan watan da ke kan takardar: dole ya riga ranar da aka fara tattara bayanai. Izinin yawanci na shekara ɗaya ne, don haka idan aikin ya zarce wa'adin, ka haɗa da takardar sabuntawa. Idan an tattara bayanai a asibiti fiye da ɗaya, kowanne yana buƙatar nasa izinin a rubuce. Ana biyan kuɗin duba takardun a kwamiti, kuma da yawa daga cikin kwamitocin suna neman shaidar cewa mai bincike ya yi horon ɗa'ar bincike, wanda ana iya yinsa ta intanet, irin na TRREE da yake kyauta.

Hattara: binciken da aka yi ta hanyar duba tsofaffin fayilolin marasa lafiya shi ma yana buƙatar izinin kwamiti. Mutane da yawa suna ɗauka tunda ba su taɓa jikin kowa ba, ba ruwansu da kwamiti. Kwamitin ne kaɗai yake da ikon ya ɗauke maka neman amincewar kowane majinyaci, ba kai za ka ɗauke wa kanka ba, kuma ba a ba da izini a kan aikin da aka riga aka gama.

Ka duba takardun amincewar mahalarta ma. Inda aka yi wa mutane bayani da Hausa, ka tabbata akwai fassarar takardar da kwamiti ya gani, kuma wanda ya dangwala yatsa maimakon sa hannu yana da shaida da ya sa hannu a gefensa. Idan rahoton majinyaci guda ne, musamman mai hoto, sai da rubutacciyar amincewarsa ko ta waliyyinsa cewa a buga, domin ɗan baƙin layin da ake ja a kan ido bai isa ya ɓoye mutum ba. Idan kuwa gwajin magani ne ko na wata hanyar jinya, dole a ce an yi masa rajista kafin shigar da mutum na farko, a shafin rajistar gwaje-gwaje irin su PACTR ko ClinicalTrials.gov, kuma rajistar kyauta ce. Gwajin magani yana kuma buƙatar amincewar NAFDAC.

2. A daidaita sunayen marubuta tun da wuri

Wannan mataki ne da yake ɓata zumunci a sassan asibiti fiye da kowane, kuma kunya ce take sa a yi ta ɗage shi. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa 4, kuma sai mutum ya cika dukkansu kafin a kira shi marubuci: ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta maƙalar ko ya yi mata gyaran da ya taɓa ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda zai amsa tambaya a kan kowane ɓangare na aikin idan ta taso. Shugabancin sashe ko samo kuɗin bincike ko ba da aron na'ura, su kaɗai, ba su mayar da mutum marubuci. Wurin irin waɗannan shi ne sashen godiya, kuma ko can sai an nemi yardarsu.

Na san a al'adarmu da wuya ƙarami ya dubi malaminsa ya ce masa sunansa ba zai shiga ba. Mafita mai mutunci ita ce ka kai masa daftarin da wuri, ka ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a duba mini wannan a gyara," ta yadda idan ya yi aikin sunansa ya shiga da hakkinsa. Haka kuma kada a danne ƙaramin da ya yi wahalar tattara bayanai. A ba shi damar shiga rubutun domin ya cika sharuɗɗan.

A zauna a amince da jerin sunayen, a rubuta abin da kowa ya yi, sannan a zaɓi mutum ɗaya da mujalla za ta riƙa tuntuɓa, wanda yake duba imel ɗinsa kullum. Kowane marubuci ya buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, mai lambobi 16, kyauta, kuma ya tsaya a kan rubutun sunansa iri ɗaya. Wanda yake Muhammad a maƙala ɗaya, Mohammed a wata, ayyukansa za su warwatse a rumbunan bincike ranar da zai nemi ƙarin girma.

Hattara: ƙara suna ko cire shi bayan an aika yana buƙatar sa hannun dukkan marubuta da bayanin dalili, kuma wasu editoci suna dakatar da maƙala har sai an warware. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ba sa shiga jerin marubuta. Idan an yi amfani da su, a bayyana a inda mujalla ta tanada.

3. Zaɓi mujalla kafin ka fara rubutu

Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai kaya. Kowace mujalla tana da iyakar kalmominta da tsarin tsakurenta, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, da adadin jadawalin da take karɓa, kuma wanda ya rubuta kafin ya sani zai yi aiki biyu. Hanya mafi sauƙi ta farawa ita ce ka duba manazartarka: mujallun da ka fi ambata su ne masu karatun da suka damu da batunka. Ka buɗe fitowarsu ta shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ka ga ko sun buga aiki mai girman naka.

A nan ake buƙatar mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Binciken da aka yi a asibiti ɗaya a kan mutum ɗari biyu ko uku yana da amfani sosai ga likitocin yankinmu, amma tura shi The Lancet ɓata lokaci ne. Akwai mujallu na gida da na yanki masu mutunci: Nigerian Journal of Clinical Practice, da Nigerian Postgraduate Medical Journal, da Annals of African Medicine ta Sakkwato, da West African Journal of Medicine, da Pan African Medical Journal, ga kuma Jos Journal of Medicine a nan gida. Ka tambayi ofishin da ke kula da ƙarin girma a jami'arka ko asibitinka waɗanne rumbuna suke amincewa da su, domin wasu wuraren suna bambanta maki tsakanin mujallar gida da ta waje.

Ka tantance iƙirarin mujalla da kanka. Idan ta ce tana cikin MEDLINE, wato rumbun mujallun likitanci na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka, ka nemi sunanta a kundin ɗakin karatun, NLM Catalog. Idan ta ce tana cikin rumbun Scopus, ka duba jerin Scopus. Idan ta buɗe-ga-kowa ce, wato wadda ake karantawa kyauta, ka neme ta a DOAJ, jerin irin waɗannan mujallu. Ta Afirka kuma ka duba AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka. Tambarin da aka liƙa a shafin mujalla ba hujja ba ne.

Sai batun kuɗi, wanda ya kamata a san shi yanzu, ba bayan an karɓi maƙala ba. Manyan mujallun waje da ake karantawa kyauta suna cajin marubuci, kuma kuɗin sau da yawa yana kaiwa dala 2,000 ko fiye. Na gida suna karɓar naira, wasu kashi biyu: kuɗin duba maƙala lokacin aikawa, wanda ba a mayarwa ko an ƙi ta, da kuɗin bugawa bayan an karɓa. Akwai kuma mujallun da ba sa cajin marubuci ko kwabo saboda masu karatu ne suke biya. Bankin Duniya yana lissafa Nijeriya cikin ƙasashe masu matsakaicin samu na ƙasa-ƙasa, don haka yafiyar da ake yi wa ƙasashe mafi talauci kai tsaye ba lalle ta shafe mu ba, sai an nema. Ka rubuta sunayen mujallu uku a jere, ta farko da ta biyu da ta uku, domin idan ta farko ta ƙi kada ka tsaya tunani.

Hattara: mujallar da ta aiko maka da imel tana yabonka tana roƙon maƙala, ta yi alkawarin bugawa cikin mako ɗaya, kuma take buga komai daga tiyata har noman rani, ta 'yan damfara ce. Sukan ari suna mai kama da na sananniyar mujalla su sauya kalma ɗaya. Aikin da ya faɗa hannunsu da wuya a ƙwato shi, kuma ba za ka iya sake buga shi a wani wuri ba.

4. Sauke ƙa'idojin mujalla da jerin tantancewa

Ka sauke shafin umarni ga marubuta na mujallar da ka zaɓa, ka buga shi a takarda, ka bi shi da biro layi-layi. Ka fitar da iyakar kalmomi, da tsarin tsakure, da salon manazarta, da nau'in fayil ɗin hotuna, da ko ana son a ɓoye sunayen marubuta. Maƙalar bincike ta asali yawanci tana tsakanin kalmomi 2,500 zuwa 3,500, tsakure kuma 250 zuwa 300, amma abin da mujallarka ta faɗa shi ne doka.

Daga nan ka shiga shafin EQUATOR Network ka ɗauko jerin tantancewar da ya dace da irin bincikenka, wato jerin abubuwan da ya kamata maƙala ta bayyana: STROBE ga binciken lura, CONSORT ga gwajin da aka raba mahalarta ta hanyar ƙuri'a, PRISMA ga bitar ayyukan da aka riga aka buga, CARE ga rahoton majinyaci, STARD ga gwada sahihancin hanyar gano cuta. Ka ajiye shi a gefenka yayin rubutu, domin mujallu da yawa za su ce ka cike shi ka nuna shafin da kowane abu yake.

5. Rubuta sassan, amma ba daga farko ba

Maƙala tana fitowa a jere kamar haka: gabatarwa, hanyoyin bincike, sakamako, tattaunawa. Amma ba haka ake rubuta ta ba. Ka fara da jadawali da zane, domin su ne za su nuna maka abin da ka samu a zahiri. Uku zuwa biyar sun wadatar. Ga wanda yake ciro maƙala daga kundin neman zama ƙwararre na Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, wannan ne wuri mafi ciwo, saboda kundi mai jadawali goma sha biyar dole ya koma tambaya ɗaya tak. Kada ka yi ta yanke kundin har ya gajarce. Ka buɗe sabon shafi ka rubuta daga tushe.

Sai hanyoyin bincike. A nan ka faɗi irin binciken, da wurin da aka yi shi, da watannin da aka fara aka gama, da waɗanda aka shigar da waɗanda aka ware da dalili, da yadda aka lissafa adadin mahalarta, da yadda aka zaɓo su. Idan masu zuwa asibiti ka ɗauka a jere kamar yadda suka zo, ka faɗi haka, kada ka ce ƙuri'a aka yi. Mai bita zai gane. Ka ambaci na'urorin da aka yi amfani da su da kamfanin da ya ƙera su, da ma'aunin da ka bi wajen cewa mutum yana da cutar. Idan an fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa, ka bayyana wanda ya fassara, da ko an sake mayar da ita Turanci don a gwada daidaito, da ko an jarraba ta a kan wasu mutane kafin a fara. Ka rufe da manhajar lissafi, ko SPSS ko Stata ko Epi Info ko R, da lambar fitowarta, da gwaje-gwajen da aka yi, sannan bayanin izini. Ka tuna mai karatu a Indiya ko Ingila bai san Jos ba. Jimla biyu a kan wurin sun isa, amma idan bincikenka ya shafi jini ko zazzaɓin cizon sauro ko cututtukan numfashi, ka ambaci cewa garin yana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 da sanyin da ke tattare da hakan, domin yana iya shafar sakamako.

A sashen sakamako ba a sharhi. Ka fara da adadin waɗanda aka tuntuɓa da waɗanda suka shiga da waɗanda suka fita. Kowane kaso ya zo da adadinsa. A ce, alal misali, ka duba mata 320 masu zuwa awon ciki ka samu 48 da hawan jini: ka rubuta 48 cikin 320, wato kashi 15 cikin 100, tare da tazarar tabbaci ta kashi 95 cikin 100. Ka ɗauki kalkuleta ka tara kowane layi na kowane jadawali da hannunka. Idan jadawali na ɗaya ya ce 320, na biyu ya tashi 317, dole a faɗi inda ukun suka shiga.

Hattara: SPSS yakan nuna ƙimar p, wato lambar da gwajin lissafi yake bayarwa, a matsayin .000, kuma mutane suna kwafe ta haka. Babu ƙimar p da take sifili. Ana rubuta p < 0.001. Sauran kuma a rubuta ainihin lambar, ba a ce "mai muhimmanci" kawai ba. Kada kuma ka maimaita duk abin da ke cikin jadawali a cikin rubutu. Ka ɗauko biyu ko uku da suka fi nauyi.

Tattaunawa ta fara da babban abin da ka gano, a jimla biyu ko uku. Kuskuren da ya zama ruwan dare a wurinmu shi ne jero garuruwa: wannan ya yi daidai da abin da aka samu a Kano, ya fi na Ibadan, bai kai na Inugu ba, haka har shafi biyu. Edita yana son ya ji dalilin bambancin. Shin can a cikin gari aka yi, kai kuma a asibitin da ake turo masu tsananin ciwo? Shin ma'aunin da suka bi daban ne? Ka faɗi raunin aikinka da bakinka kafin mai bita ya faɗa maka, kuma ka nuna ta wane ɓangare raunin zai iya karkatar da sakamako. Binciken da ya auna komai a lokaci guda alaƙa kawai yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya haddasa wancan, don haka ka kiyayi kalmomin da ke nuna sanadi. Kammalawa ta tsaya a kan abin da lambobinka suka nuna. Kiran gwamnati ta gyara harkar lafiya gaba ɗaya ba sakamakon bincikenka ba ne.

Gabatarwa sakin layi uku ta ishe ka: abin da aka sani, abin da ya rage ba a sani ba, da tambayar da ka zo amsawa. Tsakure da take su ne na ƙarshe. Kowace lamba da ke cikin tsakure ta yi daidai da ta cikin maƙala, domin sau da yawa shi kaɗai edita yake karantawa kafin ya yanke shawarar farko. Take ya ƙunshi batu da mutanen da aka bincika da wuri da irin binciken. Kalmomin nema kuma a ɗauko su daga jerin MeSH, wato daidaitattun kalmomin likitanci da MEDLINE take amfani da su.

6. Manazarta da hotuna

Kada ka rubuta manazarta da hannu. Ka sa manhajar tsara manazarta, irin su Zotero, wanda yake kyauta, ko Mendeley. EndNote na kuɗi ne. Yawancin mujallun likitanci suna bin salon Vancouver, inda ake ba manazarta lambobi bisa jerin bayyanarsu a rubutu, kuma idan ka cusa guda ɗaya a tsakiya da hannu duk lambobin da ke bayanta sun rikice. Manhaja tana gyara wannan da kanta, kuma idan ka koma wata mujalla za ta sauya salo cikin minti ɗaya. Duk da haka ka bi jerin da ido, domin takan kwaso suna a karkace ko ta bar lambar shafi. Kada ka ambaci aikin da ba ka karanta ba don kawai ka gan shi a manazartar wani.

Hotuna a ajiye su a fayil daban, yawanci TIFF ko JPEG mai ƙarfin 300 dpi ko fiye. Hoton da ya bi ta WhatsApp ya riga ya rage inganci, sai a nemo na asali daga waya ko na'urar. A goge suna da lambar asibiti da kwanan wata daga kusurwar hoton ƙirji ko na sikanin. Jadawali kuma a gina shi a cikin Word, ba a liƙa hotonsa ba.

7. Duba kamanceceniya da gyaran Turanci

Mujallu da yawa suna bi da kowace maƙala ta iThenticate, manhajar gano rubutun da aka kwafo, kafin edita ya gani. Ka riga su: ka tambayi ɗakin karatu na jami'a ko makarantar karatun gaba da digiri ko suna da Turnitin, mai irin wannan aikin, kuma ka roƙi a duba ba tare da an ajiye kwafin a rumbun manhajar ba, in ba haka ba maƙalarka za ta fito tana kama da kanta. Ba jimlar kason kaɗai ake dubawa ba. Sakin layi ɗaya da aka kwafo sukutum ya isa a dawo da aiki, ko da daga tsohuwar maƙalarka ka kwafo shi.

Turancin ba sai ya yi ado ba. Gajerun jimloli, da lokacin da ya wuce a hanyoyi da sakamako, da tsayawa a kan rubutun Ingila ko na Amurka ba tare da gauraya ba, sun wadatar. Kamfanonin gyaran harshe na waje da dala suke caji. Kafin ka kai can, ka ba abokin aiki daga wani sashe ya karanta, ka ce ya yi alama duk inda sai da ya karanta sau biyu. Bayan haka a tura wa dukkan marubuta kwafin ƙarshe, kowa ya amsa a rubuce cewa ya amince.

8. Wasiƙar rakiya da sauran fayiloli

Wasiƙa ga edita kada ta wuce shafi ɗaya. Ka kira shi da sunansa, ka faɗi taken maƙalar da irinta, da abin da aka gano a jimla biyu, da dalilin da ya sa ta dace da masu karatun wannan mujallar. Ka tabbatar masa cewa ba a buga ta ba, ba ta gaban wata mujalla, kuma duk marubuta sun amince. Idan an gabatar da ita a taro, ko ta fito daga kundi, ko an ɗora ta a medRxiv, shafin da ake sa maƙalu kafin a yi musu bita, ka faɗa.

Ka buɗe jaka ɗaya a kwamfuta ka zuba: shafin take mai sunaye da wuraren aiki; maƙalar da aka cire sunaye idan mujalla tana ɓoye marubuta; hotuna; jerin tantancewa; takardar izini; fom ɗin bayyana duk wata alaƙar kuɗi ko muradi; da bayanin wanda ya ɗauki nauyin binciken, ko TETFund ne ko aljihunku.

Hattara: cire suna daga shafin farko bai isa ba. Word yana ajiye sunan mai kwamfuta a bayanan fayil da cikin gyare-gyaren da aka bibiya, sai a goge su. Kuma idan ka sake amfani da tsohuwar wasiƙa, ka duba kada sunan mujallar da ta ƙi ka ya rage a ciki.

9. Aikawa

Ana aikawa ta shafin mujalla, galibi a kan Editorial Manager ko ScholarOne ko OJS. Ka ware awa biyu a lokacin da kake da wuta da intanet mai ƙarfi, ba daren da kake kan kira ba. Za a nemi imel da wurin aikin kowane marubuci, sannan take da tsakure a akwatunansu, wasu kuma su nemi ka ba da sunayen masu bita biyu ko uku. Kada ka ba da sunan ɗan sashenku ko wanda kuka yi rubutu tare kwanan nan. Idan za ka nemi rangwame ko yafiyar kuɗin bugawa, yanzu ne lokacinsa, domin mawallafa da yawa ba sa sauraron roƙon bayan an karɓi maƙala.

A ƙarshe shafin zai haɗa komai ya zama PDF. Ka buɗe shi ka karanta daga farko har ƙarshe, ka duba alamomi irin ± da ≥ da µ, waɗanda sukan rikiɗe. Sai ka danna amincewa. Mutane da dama suna tsayawa kafin wannan dannawar su yi ta jira, alhali maƙalar ba ta bar hannunsu ba. Shaidar aikawa ita ce imel mai ɗauke da lambar maƙala.

Hattara: haramun ne a aika maƙala ɗaya wa mujallu biyu a lokaci guda. Idan kana son janyewa, ka rubuta wa edita, ka jira ya tabbatar a rubuce, sannan ka kai ta wani wuri.

10. Jira da amsa wa masu bita

Idan edita zai ƙi ta daga teburinsa, yakan yi cikin kwanaki ko makonni kaɗan. Idan ta wuce wurin masu bita, wata biyu zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne. Bayan wa'adin da mujalla ta ambata ya wuce, ka aika gajeriyar wasiƙa mai ladabi da lambar maƙalar. Ka riƙa leƙa akwatin tarkacen imel, domin saƙonnin waɗannan shafuka sukan faɗa can.

Hukuncin da ya ce a yi babban gyara labari ne mai daɗi, ko da jerin ƙorafin ya kai shafi uku. Ka karanta, ka ajiye shi kwana biyu har zuciya ta huce, sannan ka yi jadawali mai gida uku: maganar mai bita kamar yadda ya faɗe ta, amsarka, da shafi da layin da aka yi gyaran. Ka amsa kowace magana, har wadda ka ga ba ta da kai. Inda ya yi gaskiya, ka gode ka gyara. Inda ba ka yarda ba, ka kawo hujja cikin ladabi. Idan ya ce me ya sa ba a yi wa kowa wani gwaji mai tsada ba, amsa mai kyau ita ce ka bayyana cewa marasa lafiya ne suke biya daga aljihunsu, ka faɗi adadin waɗanda aka yi wa, ka kuma ƙara wannan a cikin raunin binciken. Idan masu bita biyu suka saɓa wa juna, ka zaɓi ɗaya ka bayyana wa edita dalili. Ka mayar da kwafi biyu, mai nuna gyare-gyare da tsaftatacce, kafin wa'adi. Idan ba zai yiwu ba, ka nemi ƙarin lokaci tun bai cika ba.

Idan kuwa an ƙi ta, ka yi amfani da maganganun masu bitar ka gyara, ka sauya tsari zuwa na mujalla ta biyu da ke jerinka, ka aika cikin makonni biyu ko uku. Kada ka tura ta yadda take, domin a fanni mai ƙarancin masana tana iya sake faɗawa hannun mutumin da ya duba ta da farko.

11. Bayan an karɓa

Takardar biyan kuɗi za ta zo, da fom ɗin haƙƙin mallaka ko lasisin buɗe-ga-kowa. Ka biya ta hanyar da ke cikin shafin mawallafi kawai, ba asusun da aka turo a wani imel na daban ba. Katin naira ba koyaushe yake wucewa a biyan dala ba, don haka ka shirya asusun dala ko ka yi magana da bankinka tun kafin wa'adi, kuma ka ajiye rasit idan wurin aikinka yana mayar da kuɗin.

Daga nan za a aiko da kwafin ɗab'i, galibi da wa'adin kwana biyu ko uku. Wannan ba lokacin sake rubutu ba ne. Ka duba rubutun sunan kowane marubuci da wurin aikinsa, ka gwada kowace lamba a jadawali da ta kwafinka, ka amsa tambayoyin da mai tsara shafi ya jera a gefe. Kuskuren da ya wuce wannan matakin sai an buga sanarwar gyara daban. Idan maƙalar ta fito, ka ɗauki lambar DOI, wato lambar dindindin da ake gane maƙalar da ita a intanet, ka ƙara ta a ORCID ɗinka, ka tura wa sauran marubuta, ka kai kwafi ga kwamitin ɗa'a tare da rahoton rufe bincike, sannan ka adana takardun amincewa da ainihin bayanan a wuri mai kulle na tsawon shekarun da kwamitin ya ƙayyade, domin edita yana iya neman su ko bayan an buga.